Fina-finan soyayya shida da aka tura mini a waya

Naira 1,000 na ba ƙanena ya hau kabu-kabu daga unguwar Mabera a nan Sakkwato zuwa wajen masu tura fim kusa da Tsohuwar Kasuwa, na ce a zubo mini na soyayya masu ban dariya. Ya dawo da shida a memori, huɗu na Indiya fassarar Hausa, biyu na Kannywood. Ɗaya ya ƙi buɗewa sam. Wani kuma sai jarumi ya rufe baki sannan maganarsa ta iso, na haƙura da shi.

Sauran huɗun kamar uwa ɗaya ta haife su. Ko attajiri mai mata ya ƙyalla ido a kan 'yar aiki, ko ɗiyar mai kuɗi ta mace a kan direban babanta. Dariya kam na sha. Akwai inda Alhaji ya ajiye lambar budurwarsa da sunan "Makanike", waya ta yi ƙara a hannun uwargida, sai ga makanike da siririyar murya yana tambayar kuɗin anko. Har ƙwarewa na yi da kunu. Mai fassarar na Indiyan ma gwani ne, barkwancin da yake ƙarawa ya fi na asalin fim ɗin gishiri.

Uwargidan ce ta tsaya mini a rai. A duka ukun da miji ke cin amana, sai an mai da ita masifaffiya, baki kamar reza, don mu yafe masa tun kafin ya nemi gafara. Inna na gefena tana tsinke zogale, ta ɗago ta ce, "Wagga baiwar Allah mi tay yi mai?" Ban sami amsar ba ta ba.

Talakan ma ba a barinsa da talaucinsa. Ana dab da ƙarewa sai a gano direba ɗan wani hamshaƙi ne da ya ɓace yana jariri. To ina jarumtar? A Sakkwato kafin a kai ga sadaki da lefe sai an tambayi ɗan gidan wa ne, kuma nan ne nake son ganin yadda direban gaskiya zai yi da kawunnan yarinya. Daidai wurin ake sako waƙa.

Kada ku kalla da yara, na Indiyan akwai rawar da sai na tura gaba. Memorin kuma na mayar a sake mini biyun da suka lalace, wannan karon na ce ƙanena ya buɗe kowanne a gaban mai shagon.