Indomin salansa: sabo mai araha da ɗan Kwatano, wanne ya ci kuɗinsa?

Matacin hayaƙin mota, wato catalytic converter, makanikai a Gombe suna kiransa indomi, domin idan aka yanka tukunyar da ke jikin salansa aka leƙa ciki, abin da ido ke gani ya yi kama da taliyar leda kafin a jefa ta a ruwa. A cikin shekara guda na saya wa motata ƙirar Corolla guda biyu, sabo mai araha da kuma ɗan Kwatano, kuma da yake kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, na ga ya dace in faɗi abin da na gani a kan kowannensu.

Fitilar gargaɗin inji ce ta fara kamawa, motar kuma ta daina jan tudu yadda ta saba. Da aka jona mata kwamfuta sai lambar P0420 ta fito, wadda ke nufin indomin ya daina tace hayaƙi yadda ya kamata. Makanikin farko da na je wurinsa bai ɓata lokaci ba, ya ce: "Malam, a fasa shi kawai a zubar, mota za ta sake." Ban yarda ba, musamman da na lura cewa abin da ya kira shara akwai masu zagayawa gareji gareji suna sayensa da kuɗi masu kauri.

Dalilin wannan ciniki yana cikin abin da ido ba ya gani. Tangaran ɗin da ke cikin tukunyar yana da ƙananan ramuka irin na saƙar zuma, sau da yawa kimanin 400 a kowane murabba'in inci, kuma an shafe bangon kowane rami da garin alumina mai yawan kofofi, wanda giram ɗaya nasa kan kai faɗin fili fiye da murabba'in mita 100. A kan wannan shafe aka warwatsa ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda gaba ɗayansu ba su wuce 'yan giram kaɗan ba, a matsayin dunƙule-dunƙule masu girman 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Aikinsu irin na dillali ne a kasuwar shanu: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ya tari na gaba ba tare da an sayar da shi ba. Iskar kabon monoksaid da ragowar fetur da bai ƙone ba suna sauka a kan filatinam ko faladiyam su haɗu da oksijin, rodiyam kuma ya raba oksijin da naitirojin a cikin gubar da zafin inji ke haifarwa. Ƙwayoyin zarra da ke saman dunƙulen ne kaɗai ke taɓa hayaƙi, na ciki a ɓoye suke, saboda haka gwargwadon ƙanƙantar dunƙule, gwargwadon yawan ƙarfen da ke aiki. Ƙanƙanta ma takan sauya halin ƙarfe baki ɗaya, domin a shekarar 1987 masanin Japan Masatake Haruta ya nuna cewa zinariya, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta da amfani a irin wannan aiki, tana ƙona kabon monoksaid ko da a cikin sanyi idan aka mayar da ita ƙananan dunƙule a kan wani sinadari mai riƙe ta.

Sabon da na fara saya irin wanda ake cewa yana shiga kowace mota ne, ba shi da sunan kamfani a jikinsa sai kwali mai sheƙi, kuɗinsa kuma bai kai rabin na ɗan Kwatano ba. Mai walda ya yanka ya liƙa shi cikin ƙasa da awa biyu, kuma in faɗi gaskiya, makonnin farko ban sami abin kuka ba: ƙarar salansa ta kwanta, fitila ta mutu, motar ta dawo da ƙarfinta. Kafin wata na huɗu ya cika, a hanyar Bauci dab da Alkaleri, fitilar ta dawo da lambarta ta dā. Ramukansa ba su toshe ba, tangaran ɗin bai fashe ba, aikin ne kawai ya tsaya. Abin da na fi zato shi ne an rage masa ƙarfe mai tsada tun daga masana'anta, kuma shafen da ke riƙe da ɗan abin da aka zuba ba shi da inganci. Idan zafi ya yi yawa, dunƙulen sukan yi tafiya a kan alumina su haɗe da juna kamar yadda ɗigon mai ke haɗuwa a saman miya, sai ƙarfen yana nan amma fuskar da yake aiki da ita ta ragu. Wanda ya san cewa farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 a kowace oza a shekarar 2021, kuma mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, zai gane inda mai araha ya yi tsimi.

Gareji na biyu, wanda ke wajen Tumfure, shi ne ya burge ni, kuma ba don kayansa kaɗai ba. Maigidan ya ƙi taɓa salansa sai da ya duba fulogi da sensa biyu na oksijin, ta gaban indomi da ta bayansa, inda ya gano cewa koyil ɗaya yana yanke wuta. Wannan shi ne asalin ciwon, domin ɗanyen fetur da ya tsere daga inji a cikin tukunyar yake ƙonewa, ya kai ta zafin da ba a yi ta dominsa ba. Ya kuma tambaye ni ko motar tana shan baƙin mai, tambayar da ta dace ƙwarai, tun da fosfaras da ke cikin man inji yakan lulluɓe ƙarfen, kamar yadda dalma ke kashe shi a zamanin fetur mai dalma. Sai da ya gyara wannan ya kawo ɗan Kwatano na asali, ya haska tocila ta ramukansa a gabana, ya girgiza shi don in ji babu ɓaraguzai.

Wata takwas ke nan fitilar ba ta sake kamawa ba, har da tafiyar Kano sau biyu cikin ƙurar hunturu. Aibinsa shi ne babu takardar garanti, kuma babu mai iya faɗa maka nisan da ya riga ya ci kafin ya iso hannunka, domin tocila tana nuna toshewa ne kawai, ba ta nuna girman dunƙule. Na kuma ƙi barin tsohon nawa na asali a gareji na farko, na sayar da shi da kaina, kuɗinsa suka biya mini aikin walda da sabon koyil. Mai arahar kuwa, da na kai wa mai sayen ya juya shi ya duba jikinsa bai ga lamba ba, sai ya miƙo mini abina ya ce in kai wa 'yan gwangwan.