Homebrew ko MacPorts: wanne zan kai manhajata?

Kullum sai an tambaye ni, wai in mutum ya ɗauko manhajar Linux zai kai ta macOS, wanne ya fi tsakanin Homebrew da MacPorts, wato tsare-tsare biyu da ake saka manhajoji a kwamfutar Mac da su. To duk kyauta ne, kuɗi ba ya cikin maganar.

Wajen sauƙi Homebrew ya ɗan yi gaba, formula ɗinsa (fayil mai bayanin yadda za a haɗa manhaja) da yaren Ruby ake rubutawa, kuma in sun ƙi karɓar manhajarka sai ka buɗe tap naka (ma'ajiyar formula ta kanka) a shafin GitHub ka huta. MacPorts kuwa nasa fayil ɗin Portfile ne, da Tcl ake rubutawa, yaren da ba kowa ya iya ba gaskiya.

Amma fa wajen ɗorewa labari ya sha bamban, MacPorts tun 2002 yake, komai nasa yana zubawa a foldar /opt/local ya zo da laburarensa (kayan haɗin da manhajoji ke dogaro da su), shi ya sa ko tsohuwar Mac tana ɗauka, kuma manhajojin GTK (kayan gina fuskar manhaja da aka saba da shi a Linux) masu dogaro da tarin laburare sun fi samun natsuwa a can, Homebrew kam sababbin macOS kawai yake kulawa da su, in taka ta tsufa sai haƙuri.

Mai son jama'a su samu manhajarsa da wuri, Homebrew. Mai tsofaffin kwamfutoci ko manhaja mai wuyar haɗawa, MacPorts zai fi masa.