Katifar iska ta masu jinya: wata biyar kenan Hajiya tana kanta

Kakarmu Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, tun da aka sallamo ta daga asibiti a kwance take sai an tayar sai an kwantar. Wata nas maƙwabciyarmu da ta jima tana jinyar tsofaffi ita ta ce mu nemi katifar nan tun kafin gyambon kwanciya ya kama ta, don in ya kama tsoho wlh warkewarsa aiki ne ja. A shagon kayan asibiti na saya, irin mai ƙulu-ƙulu ɗin nan kamar kiret ɗin ƙwai, ita ce mai araha, akwai mai dogayen bututu amma kuɗinta ya fi ƙarfina.

A kan katifar gado ake shimfiɗa ta, ba ita kaɗai ba. Tana da ɗan inji da ake ratayewa a ƙarshen gado da tiyo biyu, yana hura layi ɗaya yana sace ɗaya, bayan 'yan mintuna sai ya juya, to kun ga nauyin jiki baya zama a wuri guda kenan jini ya samu ya zagaya. Gsky tana aiki. Amma ga inda na yi wauta, da na ga injin yana ta aikinsa sai na ɗauka shikenan mun huta da juyin dare, kwana uku muka yi sakaci. Nas ɗin ta shigo gaishe ta, ta yaye zani ta duba ƙasan tsatso sai ga wani wuri kamar faɗin kwabo ya yi duhu, ta ce in taɓa, na ji ya fi gefensa ɗumi da tauri. Ta ce "Ƙanwata, a fatarmu ba ja za ki gani ba, duhu za ki gani, kuma katifa bata juya mutum." Na ji kunya ba kaɗan ba.

Tun ranar muka koma juya ta duk awa 2, dama, baya, hagu, da takarda a bango muna rubuta lokaci saboda mu uku ne muke karɓa-karɓa. Ba a ɗora ta ɗoɗar a kan kwankwaso, karkata ta ake yi kaɗan a tokare bayan da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin sharaɓa yadda dugadugai za su zauna a iska basu taɓa komai ba, don diddige ma wurin gyambo ne sosai kuma katifar bata wani kare shi. Nas ɗin ta hana mu murza wurin da man zafi ko wani mai, ashe murzawa ƙara ɓata naman take. Famfas ana canzawa da zarar ya jiƙe, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba gogewa ba, a shafa man zinc. In za a gyara mata kwanciya mutum biyu ke ɗaga ta da zanin gado, ba a jan ta. Abinci kuwa sai an zaunar da ita sosai, cokali kaɗan-kaɗan don kar ta ƙware, ta zauna kamar minti 30 kafin a kwantar, muna yawan bata ƙwai da alale da kifi da ruwa. Wurin ya washe bai fashe ba, Alhamdulillah.

Sai abubuwan da suka dame ni da katifar. Na farko NEPA. Ana ɗauke wuta injin zai tsaya, iskar ta ringa sacewa a hankali har Hajiya ta koma kan katifar ƙasa, sai da muka haɗa shi da 'yar sola, an yi sa'a baya cin wuta sosai. Na biyu roba ce, lokacin zafin Afrilu gumi take tarawa, kuma ba dama ka jibga bargo a kai don zai kashe amfaninta, zanin gado na auduga guda ɗaya mara kauri muke sawa, a ja shi sosai kar ya yi tattara. Akwai maɓallin da ake murɗawa daidai nauyin mutum, takardar ciki bata yi bayanin kirki ba, nas ce ta nuna min in zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai mazaunai, in na ji jikinta ya danne hannuna to iskar ta yi kaɗan.

Sau ɗaya ta huje, fil ɗin ɗankwali ne ya faɗa gadon, amma akwai faci a cikin kwalin, da ruwan sabulu na gano wurin kamar yadda mai faci yake wa tayar keke. Ƙarar injin kuma wani ɗan zuuu ne da dare, satin farko Hajiya cewa take sauro ne a kunna mata fanka, yanzu in ya yi shiru ita ce take fara sanar da mu an ɗauke wuta.