Bashin banki ko na kati: wanne za a fara biya?

A Nima, wata unguwa a birnin Accra na Ghana, ma'aikaci mai bashi biyu a wuya, na banki da na katin sayayya kan bashi (credit card), yakan rasa inda zai zuba sidi 500 ɗin da suka rage masa a ƙarshen wata.

Na banki an yanka masa wa'adi, ana cira daga albashi duk wata, kuɗin ruwansa sananne ne. Na kati kuwa, in ka tsaya kan ɗan abin da aka wajabta maka, ruwan sai ya hau kan uwar kuɗi, shi ma ya haifi nasa. Ni dai nan zan zuba rarar.

Amma in na bankin saura wata biyu, kashe shi ka huta. Tambayi bankin tukuna, wasu na cin tarar biya kafin lokaci.