Hattara da masu tallar kan ɓare gungume da wai ya hau kowane inji

Masu injin yankan itace da 'yan katako, a kula da tallar da ke yawo a Facebook da WhatsApp ta kan da ake ɗaura wa inji don ɓare ɓawon gungume da sassaƙa shi. Na'urar gaskiya ce, tana aiki. Ƙaryar tana cikin cewa wai tana hawa kowane inji. Babu irin wannan.

Iri biyu ne. Na farko ana huda ramuka biyu a ƙarshen farantin da sarƙa ke zagayawa a ɗaure shi, sarƙar ce ke juya shi, don haka sai an ƙara mata tsawo. Haƙoransa kuma dole su dace da tazarar sarƙarka, wato .325 ko 3/8 na inci. Babban Stihl 070 da ake tsaga katako da shi a daji sarƙarsa .404 ce, ba za su haɗu ba. Idan aka tilasta, sarƙa ta riƙa tsalle, ta cinye haƙoran, ta tsinke. Na biyu da bel yake aiki: a cire faranti da sarƙa, a sa fuli a wajen kuloci. Wannan ƙananan injuna aka yi wa, irin su Stihl MS 180 da MS 250, kowane da nasa fuli da ramukan noti.

Macucin ba ya tambayar lambar injinka. Bidiyon wani ya sato, zai ce saura biyu, ka tura rabin kuɗi da na mota, a asusun da sunansa daban da na shafin. Ko dai ya toshe lambarka, ko kaya su iso ba su hau ba, ya ce laifin injinka ne.

Wanda ya fi haɗari shi ne jabun da ya hau. Ƙananan injunan nan suna wuce juyi 12,000 a minti, wuƙar da ta kwance kuwa fuska ko cinya za ta nufa. Kafin ka biya, goga magagari a bayan bakin wuƙar: idan ya ci ta cikin sauƙi, ƙarfen banza ne, mai tauri zamewa magagari yake yi. Wuƙaƙen na kirki irin na injin goge katako ne na hannu, milimita 82, ana samun canjinsu a kasuwa. Juya gangar da wuƙaƙen ke ɗaure a jikinta da hannu, in ka ji ƙara ko tana lilo gefe da gefe, boris ɗin ya mutu tun a kwali.

Wata matsalar ba ta jabu ba ce, kada a ɗora wa mai kaya. Jijjiga takan zo idan wuƙa ɗaya ta fi ɗaya fitowa, a daidaita su a ƙara ɗaure notin. Bel mai zamewa yana warin roba, ko ya saki ne ko man sarƙa ya zuba masa, a juye tankin man. Yashin da ya maƙale a ɓawo kuma yana dakushe ko wace wuƙa, a share gungume tukuna.

Ka je da injinka, a ɗaura a gabanka, a gwada a kan gungume kana sanye da tabarau na kariya, sannan kuɗi su fita. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, bar masa kayansa.