Gidan tarihin yaƙin basasa: da ɗan jagora ko kai kaɗai?

Ɗan jagora shi ke nuna maka abin da ido zai raina. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai ogbunigwe, bam ɗin da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu a yaƙin 1967 zuwa 1970. Ba shi da wani kwarjini. In ba a gaya maka ba, sai ka wuce shi kamar tsohon bokiti. A Gettysburg ta Amurka kuwa, inda aka yi kwana uku ana gwabzawa a Yulin 1863 lokacin yaƙin basasar ƙasar, sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi lasisin jagoranci. Inda gizo ke saƙar shi ne, 'yan ƙasa ɗaya ne suka kashe juna, kuma mai ba ka labarin sau da yawa jikan ɓangare guda ne. Abin da ya tsallake, ba za ka san ya tsallake ba.

In kai kaɗai ne, ba mai azalzalar ka. Ka daɗe gaban wasiƙar soja ko hoton 'yan gudun hijira yadda ka ga dama. Sai dai bayanin da ke jikin gilashi gajere ne, wani lokaci suna da shekara kawai.

Ni dai na fi son a fara da jagora, a sallame shi, sannan a koma wajen hotuna.