Krita da fim ɗin zane na ɗalibai kan hukuncin gaggawa a intanet: inda take ƙarfi da inda take gazawa

Ɗalibin zane da ke makarantar koyon fim da talabijin da aka fi sani da NAFTI a Akara, ko wanda ke koyo da kansa a ɗakinsa a unguwar Nima ko Mamobi, idan ya tashi yin gajeren fim yakan ɗauko labarin da ya fi sani: an ɗauki bidiyon mutum na daƙiƙa 10, an watsa a WhatsApp da TikTok, kafin Magariba jama'a sun gama yanke masa hukunci. Batun ba na wasa ba ne a ƙasar nan ta Gana. Ba a manta da Manjo Maxwell Mahama ba, wanda taron jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi a watan Mayu na 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ma umarni ce a binciki labari kafin a cuci mutane cikin jahilci. Tambayar ita ce ko Krita, manhajar zane ta kyauta, za ta iya ɗaukar nauyin irin wannan fim.

Za ta iya, amma rabin aikin kawai.

Fim irin wannan a fuska yake rayuwa, kuma nan ne Krita ta yi fice. Tun fitowa ta 3.0 a 2016 take da wurin motsa zane hoto bayan hoto, tare da bawon albasa, wato inuwar zanen baya da na gaba da ake gani a ƙarƙashin wanda ake yi. Mu ɗauka labarin wata mai sayar da wake da shinkafa ce da aka zarga da cutar masu saye. Lokacin da ta duba wayarta ta ga abin da ake faɗa a kanta, ba a buƙatar zane da yawa. A tsayar da fuskar na daƙiƙa 2, hoto 48 ke nan a saurin 24 a daƙiƙa, a sa ƙifta ido da zane 3, a ɗan sassauta leɓe. Alƙalamin Krita yana jin nauyin hannu sosai, har da ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen mai araha. Idan layi ya fito da kauri ɗaya a Windows, galibi ba allon ne ya lalace ba. A shiga saitin allo a sauya tsakanin WinTab da Windows Ink, wato hanyoyi biyu da manhajar ke karɓar saƙon alƙalami, a rufe manhajar a sake buɗewa.

Akwai dabarar da ta dace da wannan labari musamman. A zana abin da ya faru gaba ɗaya a fili mai faɗi, da duk wanda ke wurin. Sannan a yanko tsakiyarsa a tsaye, kamar yadda waya ke ɗauka, a nuna wannan yankakken a farkon fim. Cikakken hoton sai daga baya. Zane ɗaya ya yi aiki biyu, mai kallo kuma zai tsinci kansa cikin waɗanda suka yi saurin hukunci. Wurin tsara labari da aka ƙara a fitowa ta 5.0 a ƙarshen 2021 yana taimakawa a daidaita wannan tun kafin a fara wahalar zane.

Matsala ta farko ƙwaƙwalwar kwamfuta ce. Hoto ɗaya mai girman 1920 da 1080 idan ya cika da launi yana cin kusan megabait 8. Fim na minti 2 hoto 2,880 ne. Ko an yi zane ɗaya a kan kowane hoto biyu, zane 1,440 ake magana, sama da gigabait 11 a shimfiɗa ɗaya tak, wato ɗaya daga cikin fallayen da ake jerawa kan juna su haɗu su zama hoto. Tsohuwar kwamfutar cinya mai gigabait 8 irin wadda ake samu a kasuwar Circle ta Akara ba za ta jure ba, sai ta riƙa tsayawa har ta rufe kanta. Maganin shi ne kada a taɓa zuba fim ɗin duka a fayil ɗaya. Kowane yanki na daƙiƙa 5 zuwa 10 da fayil ɗinsa, bango, wato hoton baya, a shimfiɗa guda wadda ba ta motsi, zanen da ake maimaitawa kuma a kwafe shi ta hanyar haɗin da ke sa hotuna su raba zane ɗaya. Saboda ɗaukewar wuta, a saita ajiyar da manhajar ke yi da kanta zuwa kowane minti 5.

Ta biyu ta fi ciwo, domin ta shafi zuciyar labarin: fuskar waya. Zagi da ke kwararowa, lambar masu turawa da ke hauhawa, saƙo kan saƙo. Rubutu a Krita 5.2 yana da wuyar sarrafawa, shimfiɗar rubutu kuma ba ta karɓar motsi sai an mayar da ita zane ko an ɗora mata abin juyawa, wato mayafin da ke matsar da ita ko sauya girmanta, wanda ke ƙara wa kwamfuta nauyi. Ya fi sauƙi a jera duk saƙonnin a dogon hoto ɗaya marar bango, a fitar da shi a PNG, a kai Kdenlive, manhajar haɗa bidiyo, a sa shi ya hau sama a can. A zaɓi salon harafi irin Noto Sans ko Andika, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su fito akwatuna, haka ma ɛ da ɔ idan an cakuɗa da harshen Tuwi kamar yadda ake yi a zango. Kuma don Allah a ƙirƙiri sunaye da fuskokin masu zagin. Wanda ya ɗauko hoton saƙon mutane na gaske ya liƙa a fim ɗinsa, ya aikata abin da fim ɗin ke suka.

Sauti ya gyaru a fitowa ta 5.2 ta 2023, wadda kuma ta zo da FFmpeg, manhajar da ke mayar da hotuna bidiyo, a cikinta, don haka fitar da bidiyo ba ya buƙatar sauke wani abu daban. Duk da haka murya ɗaya ta daidaita motsin baki ita ce iyakarta. Ƙarar shigowar saƙo, hayaniyar kasuwa da kiɗa, a haɗa su a Kdenlive tare da jerin hotunan da aka fitar daga kowane yanki.